Yadda Ake Musanya Fatar Kujerar Direba da ta Fasinja Idan Ta Tsufa

Duk wanda ya buɗe ƙofar motar da ta shekara 10 ko 15 tana aiki, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne gefen kujerar direba, wato tudun nan da ke bakin ƙofa. A nan fata take fara koɗewa, ta yi layi-layi kamar tafin hannu, daga baya ta tsage har soso ya leƙo. Dalilin a fili yake, domin duk shiga da duk fita sai direba ya murza wannan gefen da nauyin jikinsa, ga mukullai da waya a aljihu suna ƙara karce shi, ga rana tana dukansa ta gilashi. Kujerar da ke gefensa kuwa, wadda ake yi wa laƙabi da ta mai zaman banza, sau da yawa tana nan kusan yadda ta fito daga kamfani, musamman a motocin da ake shigo da su daga Amurka da Turai, inda mutum ɗaya kan tuƙa mota shekaru shi kaɗai zuwa wurin aiki. Wannan ne ya sa masu mota da dama suke tunanin su sauya wa kujerun biyu wuri. Tunanin yana da kyau, kuma yana rage kashe kuɗi, amma abin da ya kamata a sauya shi ne fatar mazauni da sosonta, a bar ƙarfen kujera da duk kayan kariyar da ke jikinsa a inda kamfani ya ajiye su.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa dabarar take aiki tun kafin a ɗauki sifana. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba yana zama ne a hagun mota, haka ma a Nijar da Kamaru da Chadi, da Ghana wadda ta yi nata sauyin a 1974. Ke nan gefen hagu na mazaunin direba shi ne yake shan wahala. Idan aka ɗauke wannan mazauni aka ɗora shi a kujerar dama ba tare da an juya shi ba, gefensa na hagu da ya lalace zai koma jikin akwatin da ke tsakiya kusa da giya, wurin da babu mai murza shi kuma ido ba ya kaiwa sosai. Mazaunin fasinja kuma, da ya dawo hagu, gefensa da ya shekara a ɓoye jikin akwatin tsakiya shi ne zai fuskanci ƙofar direba, sabo fil. Da aiki ɗaya gefuna biyu da suka ci wuya sun shige ciki, biyun da suka huta sun fito waje.

Abin da ya sa ba a ɗauke kujera ɗungurungum a kai ta ɗaya gefen

Kujerun gaba guda biyu kamar takalmin dama da na hagu suke. Ramukan notin da ke ƙasan mota ba su zama daidai ba a gefuna biyu, domin ƙarfen da kujera take gudu a kansa na ciki yakan hau kan tudun tsakiyar mota, na waje kuma ya sauka ƙasa. Makullin bel yana gefen ciki, hannun kwantar da kujera da maɓallan lantarki suna gefen ƙofa, saboda haka kujerar da aka kai ɗaya gefen za ta juyar da makullin bel zuwa ƙofa, ta matse maɓallanta a jikin akwatin tsakiya. Akwai kanikawan da za su ce a huda sababbin ramuka ko a yi walda, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yarda da haka ko da kyauta za a yi masa. Notunan nan huɗu su ne suke riƙe mutum da kujerarsa a lokacin haɗari, kuma wurin da aka ɗaura su an ƙarfafa shi tun daga kamfani da ƙarfe mai kauri. Ramin da aka huda a falankin ƙasan mota ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne jakar iska, wato jakar da take kumbura nan take ta kare mutum a lokacin haɗari. Tun da kamfanin Volvo ya fara saka jakar iska a gefen kujera a mota samfurin 850 a 1994, abin ya bazu har ya zama yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 suna da ita. Tana zaune ne a cikin majinginar baya, a gefen da ke kallon ƙofa, kuma ana gane ta da ɗan ƙyalle ko tambari mai ɗauke da haruffan SRS a jikin ɗinkin. Wannan ɗinki an yi shi da zare na musamman wanda yake tsinkewa a daidai lokacin da jakar ta buɗe. In aka musanya fatar majingina, ɗinkin mai tsinkewa zai koma ciki inda babu jaka, jakar kuma ta sami kanta a bayan ɗinki mai ƙarfi, wanda zai iya jinkirta ta ko ya karkatar da ita a lokacin da ake da buƙatarta. Saboda haka duk motar da take da wannan alama, majinginarta ta fita daga cikin wannan aiki. Tsofaffin motocin da ba su da jakar gefe ana iya musanya tasu, muddin ramukan da aka yanka a fatar, irin na hannun matse ƙugu ko na madogarar hannu, sun dace.

Na biyu shi ne na'urar da take auna wanda ya zauna a kujerar fasinja. Dokar Amurka ta sa aka riƙa saka ta a sababbin motoci a hankali, har ta game kusan duka a wajen 2006, domin jakar iskar gaba ta kashe kanta idan ƙaramin yaro ne a zaune. Tunda yawancin Camry da Corolla da Accord da Highlander da suke shigowa ta Legas da Kwatano daga can suke, akwai yiwuwar motarka tana da ita, kuma alamarta ita ce 'yar fitilar da ke dashbod wadda take nuna ko jakar fasinja a kunne take ko a kashe. Iri biyu ne suka fi yawa. A motocin Toyota da Honda da yawa, ma'aunan nauyin suna jikin ƙarfen kujera daga ƙasa, don haka sauya soso da fata ba ya taɓa su kai tsaye. A wasu motocin kuwa, tabarma ce siririya ko jaka mai ruwa mai kauri a ciki, an shimfiɗa ta a jikin soso ko a ƙarƙashinsa, kuma an daidaita ta da wannan soson nata. Idan irin wannan ce a motarka, soson fasinja da tabarmarsa za su zauna a inda suke, fata kaɗai za ka sauya.

Kafin a kwance komai, a gwada ko mazaunan biyu za su shiga wurin juna. Hanya mai sauƙi ita ce a sami takardar siminti ko babbar jarida, a shimfiɗa a kan mazaunin direba, a zana iyakarsa da layukan ɗinkinsa da biro, sannan a ɗora takardar a kan na fasinja ba tare da an kifa ta ba. In layukan sun hau kan juna, an tsallake matakin farko. Daga nan a sunkuya da fitila a duba gefuna da ƙasa, a ga inda aka yanka fata domin makullin bel ya wuce da inda murfin roba yake rufewa. A motoci da yawa gefen waje na fatar gajere ne saboda murfin roba zai rufe shi, na ciki kuma dogo ne, ko akasin haka, kuma wani lokaci na cikin ma ba fata ba ce, yadi ne baƙi aka ɗinka domin kada ya riƙa ƙara idan ya gogi akwatin tsakiya. Idan yadin ya sauka ƙasa sosai yadda murfin roba zai ɓoye shi bayan musanya, babu matsala. Idan zai fito fili a bakin ƙofa, sai ka yanke shawara ko za ka kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya sauya wannan ɗan yankin, wanda aiki ne ƙarami. Motar da kujerar direbanta ta lantarki ce, ta fasinja kuma ta hannu, ita ta fi buƙatar a duba da kyau, domin farantin ƙarfen da soso yake zama a kai yakan bambanta.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar sifanar soket, wadda a yawancin motocin Japan lamba 14 ce take kwance notin kujera, lamba 10 kuma ta kwance kan batir, alhali motocin Jamus irin su Mercedes da BMW sun fi amfani da noti mai kan tauraro. Sai sukudireba mai faɗi da mai kuros, filaya mai yanka waya, sababbin zobban ƙarfe da filayar matse su, gam na feshi da ake manna soso da shi, tsohon bargo, da mutum na biyu wanda zai kama maka kujera. Zobban nan ƙanana ne, masu siffar harafin C, su ne suke ɗaure fata da soso, kuma masu ɗinkin kujerun mota suna da su. Wanda bai samu ba yana iya amfani da igiyar robar nan mai maƙalewa da 'yan rewaya suke ɗaure wayoyi da ita, sai dai a zaɓi mai kauri, domin siririyar zafin cikin mota yana busar da ita ta karye.

Fitar da kujerun

A ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, a cikin inuwa, inda ƙofofi huɗu za su buɗe gaba ɗaya. A cire matashin kai na kowace kujera. A tura kujera baya har ƙarshe, notunan gaba biyu za su bayyana, wani lokaci a ƙarƙashin murfin roba, sai a kwance su. A turo ta gaba har ƙarshe a kwance na baya. Sannan a dawo da ita tsakiya, a ɗaga ta sama iyakar tashinta in tana tashi, a miƙar da majingina. Kujerar lantarki dole ne a gama duk wannan kai da kawowa kafin a cire batir, domin da zarar wuta ta yanke ba za ta ƙara motsi ba, kuma mutane da yawa sun tsinci kansu da noti biyu a ɓoye ƙarƙashin kujerar da ta ƙi gusawa.

Yanzu a kashe mota, a zare mukulli, a cire kan batir na baƙar waya, a nisantar da shi yadda ba zai koma ya taɓa ba. Kada a taɓa wayoyin ƙarƙashin kujera nan take, domin kwamfutar jakar iska tana riƙe da ragowar wuta na ɗan lokaci. Toyota ta ce a jira daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, ni kuwa ina ganin minti 10 bai rage wa kowa komai ba. Wanda rediyon motarsa yake neman lambar sirri bayan an cire batir, kamar wasu tsofaffin Honda, ya tabbata yana da lambar tun kafin ya fara.

A karkatar da kujerar da aka kwance zuwa baya domin ƙasanta ya buɗe, a ɗauki hoto da waya kafin a cire ko da soket ɗaya. Mai launin ruwan ɗorawa shi ne na jakar iska, kuma yana da makulli na musamman, wani ana zamar da shi, wani ana ɗaga shi, don haka a lura da shi a buɗe a hankali, kada a finciko shi ta waya. Kada kuma a kuskura a soka masa mitar gwajin wuta ko fitilar gwaji, domin 'yar wutar da suke turawa tana iya tayar da jakar. A wasu motocin ƙarshen bel yana ɗaure ne a jikin kujera, sai an kwance notinsa kafin ta fita. A shimfiɗa bargo a kan dokin ƙofa, mutum biyu su ɗaga kujerar su fitar da ita ta ƙofar gaba, suna lura da ƙafafun ƙarfen, waɗanda suke da kaifi kuma sukan karce fenti da robar ƙofa. Kujerar lantarki tana iya haura kilo 25, kuma nauyinta ba a daidaita yake ba. Kada a taɓa hannun da yake sakin kujerar hannu tana gudu bayan an fitar da ita, domin in ƙarafan biyu suka goce wa juna, mayar da noti zai zama wahala.

Tun da ƙasan mota ya buɗe, wannan ce damar share ƙura da tsabar kuɗi da ɓawon gyaɗar da suka taru shekaru.

Raba fata da soso

A nan aikin yake, kuma a nan ake gane mai haƙuri. A kwantar da kujerun biyu a kan tabarma gefe da gefe, a riƙa yin kowane mataki a kan dukansu, domin ɗaya ta zama madubin ɗaya idan an manta yadda wani abu yake. A fara da murfin roba na gefe. Hannun kwantar da kujera yakan fita ne bayan an zare wata 'yar waya mai lanƙwasa da ke bayansa, maɓallan lantarki kuma ana ɓanɓaro kawunansu da sukudireba da aka naɗe wa baki da ƙyalle. Sukurorin murfin sukan ɓuya a gaba da baya da ƙasa, kuma idan murfin ya ƙi fita, to akwai sukuru ɗaya da ba a gani ba, a neme shi. Robar motar da ta sha zafin Sakkwato ko Maiduguri shekaru ta bushe, ƙaramin ƙarfi yana karya ta.

A wasu motocin sa'a takan yi kyau, a tarar mazaunin gaba ɗaya, da farantinsa da sosonsa da fatarsa, noti huɗu ne kawai suke riƙe da shi daga ƙasa. In haka ne kuma farantan biyu iri ɗaya ne, an kusa gamawa. A mafi yawan motoci kuwa fatar tana zagaye farantin ne, an maƙala bakinta da dogayen ƙugiyoyin roba da aka ɗinka a jikinta. A danna soso ƙasa da hannu ɗaya domin fatar ta saki, a zare ƙugiyar da ɗaya hannun, a bi ta gaba da gefuna, sannan a janyo ɓangaren baya ta tsakanin mazauni da majingina. Daga nan soso da fata za su ɗago tare. Idan akwai wayar ɗumama kujera ko ta na'urar auna nauyi, a bi ta a ga ta ina ta ratsa, a ɗauki hoto, a zare ta a hankali.

Wanda motarsa ba ta da tabarmar auna nauyi a cikin soso, kuma sosan biyu siffarsu ɗaya, yana iya tsayawa a nan ya musanya su yadda suke, kuma wannan shi ne mafi alheri, domin soson direba ma ya gaji kamar fatarsa. Wanda dole ya raba su kuwa, sai ya naɗe gefunan fatar sama kamar mai tuɓe riga, zai ga ramuka dogaye a jikin soso daidai inda layukan ɗinki suke a sama. A cikin kowane rami akwai waya da aka binne a soso, a jikin fatar kuma akwai wata wayar a cikin ɗan aljihun yadi, zobban ƙarfe ne suke haɗa su biyun, kuma su ne suke ba kujera wannan lotsawa mai kyau a layin ɗinki. Sukan kai 20 ko fiye a mazauni ɗaya. A yanke su ɗaya bayan ɗaya da filaya, ana murɗawa, kada a ja, domin in aka fizgo wayar da ke cikin soso ta fita daga mazauninta, gyaranta ya fi sauran aikin duka wuya. A sa alama da alli a inda kowane zobe yake, a kuma tsince gutsattsarinsu kaf, domin guda ɗaya da ya saura zai huda fata daga ciki bayan wata biyu. Wasu sababbin motoci suna amfani da maƙalli mai ƙaya ko 'yan ƙugiyoyin roba a madadin zobba, su kuma a ɓanɓare su a hankali ana danne soso da yatsa.

Idan aka tuɓe soson direba za a ga abin da ya haddasa lalacewar fatar tun farko. Gefensa na ƙofa yakan tsage a tsaye daidai inda ƙarfen faranti yake tokare shi daga ƙasa, wani lokaci har ya fara zuba kamar garin burodi. Fata mai kyau da aka ɗora a kan irin wannan soso ba za ta yi shekara ba sai ta yi irin layukan tsohuwar, saboda ba ta da abin da zai tallafe ta. A fesa gam a ɓangarori biyu na tsagar, a jira ya fara kamawa, a haɗe su, sannan a manna yadi mai ƙarfi daga ƙasa inda ƙarfen yake ci. Wurin da ya zube a yanke shi da wuƙa mai kaifi, a cike da sabon soso mai tauri, a sassaƙe shi har ya yi daidai da ɗaya gefen. Soson katifa mai laushi ba ya wannan aiki, kwana kaɗan zai lotse. Soson da ya kwanta kawai bai tsage ba, tururin ruwan zafi yana ɗan tayar da shi, amma a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe.

Tun da fatun suna hannu, a wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi, a goge da tsumma. Ko da yake muna da dukawa da majema da suka san fata tun kaka da kakanni, fatar mota ta bambanta da ta jaka ko ta takalmin gargajiya, domin an rufe samanta da launi da wani siririn shafi mai hana ruwa shiga. Man kaɗanya ko man gyaɗa ba sa ratsa wannan shafi, sai dai su zauna a sama su kama ƙurar hunturu, ƙurar kuma ta riƙa cin fatar kamar yashi. Fetur da tina sun fi wannan muni, suna cire launin ne gaba ɗaya. Da yawa daga kujerun da muke kira na fata ma, tsakiyarsu ce kawai fata, gefuna roba ce da aka yi wa kamannin fata, shi ya sa gefen yakan fashe ya yi kaifi maimakon ya koɗe. Idan tsohuwar fatar direba ta riga ta tsage, a manna mata ƙyalle daga ciki tun yanzu domin tsagar kada ta ci gaba a sabon wurinta.

Kafin mayarwa, a shanya fatun a rana kamar minti 20, za su yi laushi su miƙe cikin sauƙi. A ɗora kowace a kan sosonta, a fara ɗaure zobba daga layin tsakiya, sannan a fita zuwa gefuna, daga baya zuwa gaba, ana duba sama bayan kowane zobe biyu ko uku a ga ko layin ɗinki yana tafiya a miƙe. Zobe ya kama wayoyin biyu tare, kuma bakinsa ya rufe sosai. In an gama, a juyo gefunan fatar ƙasa, ana cusa soso da tafin hannu a kusurwoyi, kada a ja fata ta wurin ɗinki. Sai a ɗora a kan faranti, a mayar da wayoyi ta hanyar da suka bi tun farko yadda ƙarfe ba zai datse su ba idan kujera tana motsi, a maƙala ƙugiyoyin roba. Idan sai an yanka sabon rami domin sandar wani hannu ko sukuru, a jira sai fatar ta zauna daram, a lalubo wurin da yatsa, a yanka ƙarami, domin ƙaramin rami ana iya faɗaɗa shi. 'Yan tattarar da za su rage sukan baje da kansu bayan kwana kaɗan na zama da zafin rana.

Wajen mayar da kujeru, kowane ƙarfe ya koma gefensa na asali. A jona soket duka har a ji ƙarar shigarsu, a rufe makullin mai ruwan ɗorawa, a gwada da hoton da aka ɗauka. A ɗaura notuna huɗun da hannu tukuna, kowane ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da tauri ba, kafin a ɗaure ko ɗaya da sifana. A kujerar lantarki wannan yana nufin sai an mayar da batir kafin a iya kaiwa ga wasu notunan, kuma babu laifi a yi hakan muddin an riga an jona kowane soket. Abin da ba a so shi ne a kunna mota alhali soket ɗin jakar iska a cire yake, domin kwamfuta za ta rubuta matsala ta kunna fitila, kuma a motoci da yawa fitilar ba ta mutuwa sai an goge da na'ura. Ƙarfin ɗaurin notin kujera yana cikin littafin gyaran kowace mota, kuma ya fi kyau a ari sifana mai ma'auni a bi abin da aka rubuta, haka ma notin bel idan an kwance shi.

Lokacin kunna mukulli na farko, a tsaya a waje a miƙa hannu ta taga, kada kowa ya zauna a ciki. Fitilar jakar iska za ta kama na kimanin daƙiƙa 6 sannan ta mutu. In ta ci gaba da ci ko tana ƙiftawa, a kashe, a cire batir, a jira, a sake duba soket, in ta ƙi a kai wa mai kwamfutar mota, kada a yarda wani ya cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta. Motocin Toyota masu ma'aunin nauyi a ƙarfen kujera suna buƙatar a sake daidaita ma'aunin da kwamfuta duk lokacin da aka kwance kujerar fasinja, kujerar tana wofi, kuma aiki ne na 'yan mintoci. Bayan haka a sa babban mutum ya zauna a kujerar fasinja a ga fitilar dashbod ta nuna jaka a kunne, ya tashi a ga ta koma yadda take nunawa idan babu kowa. A tura kowace kujera gaba da baya har ƙarshe, a girgiza ta da ƙarfi a ji ko ta kulle a ƙarafan biyu, a ɗaura bel a fizge shi.

Saura majinginar direba, wadda gefenta na ƙofa shi ma yakan koɗe kuma ba a taɓa ta ba. Idan koɗewa ce kawai, masu gyaran kujeru suna da launin fata da ake shafawa bayan an wanke wurin, kuma yana rufe ta sosai. Idan ta tsage, a nemi fatar majingina ta gefen hagu, ta irin motar da shekararta da launinta, a wurin masu sayar da kayan motocin da aka kwance, irin na Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. A duba ɗinkin gefen da ke da tambarin SRS da kyau kafin a biya, a tabbata zaren kamfani ne a jiki daga sama har ƙasa, ba wanda aka sake bi da keken ɗinki ba.